Rasuwar Gwaggo Mizani, Mai Awon Riɗin Mai Wurno

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har ya rasa wurin zama, tare da miƙa wuya ga hukuncin Ubangijin da bai bar mai rai ba balle ƙarfe, Baba Audi Bagobiri na Mai Wurno yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Sinnar, da Rufa'a, da Managil, da duk wani ƙauye na Jazira a nan ƙasar Sudan da ake kwana a tashi da Hausa, rasuwar abokiyar zamansa Gwaggo Mizani, na'urar awo ta ma'asarar Alhaji Abdussalami, gidan nan na bakin kogi inda ake matse riɗi a fitar da mai. Ta cika ranar Talata da hantsi, tana tsaye a bakin aikinta, da buhu a kanta. Allah Ya ba masu rai haƙuri, Ya ba wasu daga cikinsu kunya.

Baba Audi bai taɓa riƙe alƙalami ba, kuma har yau bai ga abin da hakan ya rage masa ba. Shi ya faɗi wannan sanarwa da bakinsa, Sa'idu Afandi, tsohon babban magatakardan ma'asarar, ya rubuta. An gaya wa Sa'idu tun kafin ya tsoma alƙalami cewa za a kai takardar wurin liman a karanta a gaban mai ita, don haka kada ya rage kalma, kada ya yi mata kwaskwarima, musamman in an iso inda ake maganarsa.

Sanarwar za ta ɗan yi tsawo, don akwai magana a bayan wannan mutuwa. Ranar da aka sauke marigayiya daga lori tana sabuwa, Alhaji Abdussalami ya dafa kafaɗar Baba Audi a gaban ma'aikata duka, ya ce in ya kula masa da ita har ta mayar da kuɗin da aka saye ta, to shi zai ɗauki nauyin jirginsa zuwa Makka. Ta mayar, ta ninka, ta sake ninkawa. Yanzu da ta kwanta dama, Alhaji yana bin majalisa majalisa yana cewa mai tsaronta ne ya kashe ta, alkawari kuma ya bi ta kabari. Baba Audi ya bar Gobir da niyyar hajji tun gemunsa bai fito ba, ya tsaya nan ya ɗan nemi guzuri kamar yadda iyayenmu suka tsaya, ga shi gemun ya yi fari fat yana ɗan neman guzurin. Saboda haka ya ga ya dace jama'a su ji yadda marigayiya ta rayu da yadda ta mutu, daga bakin wanda bai taɓa nisa da ita ba.

An haifi marigayiya a ƙasar Turawa, a garin da Baba Audi bai ga amfanin riƙe sunansa ba. Ta hau jirgin ruwa ta sauka Bur Sudan, ta hau jirgin ƙasa zuwa Sinnar, aka ɗauko ta a lori cikin akwati, an lulluɓe ta da ciyawa kamar ƙwai. Baba Audi kuwa da ƙafa ya zo. Ya ratsa Barno da Wadai da Darfur, ya ci ganye shekarar yunwa, ya yi agana ya tashi, ya binne abokan tafiyarsa ɗaya bayan ɗaya, ya tsinci auduga har yatsunsa suka daina jin ƙaya, ya haƙa magudanan Managil da hannunsa lokacin da samarin yanzu suke cikin zanen goyo. Wani kada ya taɓa cafke masa zane a bakin kogi, ya tafi da zanen ya bar mutumin. Wannan shi ne wanda ake cewa wai bai iya kula da ƙarfe ba.

Siffarta ba ɓoyayya ba ce. Faffaɗan faranti ne na ƙarfe daidai da ƙasa, mai faɗin tabarma biyu, da dogon wuya, da zagayayyar fuska ta gilashi mai allura ɗaya. A gefen fuskar akwai hannu, a ƙarƙashinta akwai baki. In an ɗora kaya allura ta zagaya ta tsaya, sai a ja hannun, ta ce “ƙirrr, ƙyas,” ta tofo 'yar takarda da nauyin kayan a buge, ta kuma haɗiye irinta a cikin cikinta, a kan wani naɗin takarda da ake kai wa Alhaji kullum. Duk riɗin da zai shiga ma'asara ta kanta yake bi. Duk abin da zai fita, mai ne ko tunkuzar da ake ba shanu, ta kanta yake bi. Ma'aikata ne suka sa mata Gwaggo, don ba ta ganin abu ta yi shiru, kuma ba ruwanta da ko ɗan wane ne.

Wanda bai san ma'asara kafin zuwanta ba, ba zai san girman rashin nan ba. A wancan zamani magatakarda uku ne, irin masu wandon nan da ake kira afandi, ke zaune ƙarƙashin rumfa, kowa da alƙalami a bayan kunne da kofin shayi a gaba. Ana awo da tsohon ma'aunin rataye, su kuma suna rubuta abin da Allah Ya nufe su da rubutawa. Buhun surukin afandi kullum ya fi nauyi. Buhun baƙo daga ƙauye kullum rana ta busar da shi a hanya. Riɗi ya shiga da yawa, mai ya fito kaɗan, in Alhaji ya tambaya a ce masa zafi ne ya sha, ko kuwa ɓeraye. Baba Audi ya shaida cewa a lokacin ma'asarar tana da ɓerayen da babu irinsu a Jazira kaf, ɓerayen da ke ɗaukar garwar mai da murfinta su kai ta kasuwar Sinnar a kan jaki. A ƙarshen kaka afandawa su kulle kansu suna haɗa lissafi, na Sa'idu ya yi gabas, na sauran ya yi yamma, a tattara bambancin a ɗora wa ɓeraye. Sa'idu Afandi ya ajiye alƙalami a nan ya ce shi bai taɓa hawa jaki ba. An ce ya rubuta wannan ma, ya rubuta.

Halayen marigayiya na kirki ba za su ƙirgu ba, amma za a taɓa kaɗan. Ba ta shan shayi. Ba ta da suruki, ba ta da ɗan ƙanen uwa mai gona. Ba a taɓa yi mata rasuwa a Managil ranar da aiki ya yi yawa ba. Ba ta taɓa neman ƙarin albashi ba. Ba ta san Balarabe ba, ba ta san Bahaushe ba, ba ta san wanda kakansa ya zo tare da masu hijira daga Sakkwato ba. Buhu kawai ta sani. Abincinta ɗigon mai da 'yar tawada, sai a rufa mata zane in an tashi.

Ba ta daɗe da zuwa ba ta fara magana, kuma duk maganar da ta yi sai ta zama kuɗi a aljihun Alhaji. Ita ta nuna cewa injin matsa na kusa da ƙofa yana cin riɗi daidai da ɗan uwansa amma man da yake bayarwa bai kai ba; aka buɗe shi aka tarar ya sassauta, yana barin mai a cikin tunkuza. Shekara da shekaru ke nan shanun masu sayen tunkuza suna sheƙi kamar amare, kowa yana yaba kiwon masu su, ashe man Alhaji suke sha. Aka ɗaure injin, shanu suka koma shanu. Ita ta nuna cewa riɗin wani dillali na ƙetaren kogi yana da nauyi amma ba ya da mai, don ruwa yake yayyafa masa ya barbaɗa rairayi. Aka sallame shi ya koma sayar da albasa. Ita ta nuna cewa abin da ake matsewa bayan azahar bai kai na safe ba, aka bincika aka tarar akwai inuwa mai daɗi a bayan sito. Aka sare bishiyar. Ɓeraye kuwa nan take suka tuba. Afandi uku suka koma ɗaya, ɗayan ma, wato Sa'idu, aikinsa ya zama ya ciro naɗin takarda ya kai wa Alhaji, daga baya Alhaji ya lura ai shi ma yana da ƙafa. Sa'idu ya koma bakin gidan waya yana rubuta wa mutane wasiƙa.

Kafin zuwanta, sai kaka ta ƙare Alhaji ke sanin ko ya ci riba ko an ci shi. Bayan zuwanta kafin la'asar ya sani, ya san riɗin wa zai saya gobe, na wa zai bari, da farashin da zai kafe a kai. Jama'a sun ga sakamakon da idonsu. Lori ɗaya ya zama biyu, biyun suka haifi na uku. Gidan ƙasa ya zama na jan bulo, ya yi ɗaki a sama mai koriyar taga. Haƙorin zinariya ya tsiro wa Alhaji a inda na Allah ya faɗi. Gaskiya ta sa a faɗa cewa ribar ta hau wancan ɗaki na sama ba ta sake saukowa ba. Masu ɗaukar buhu dai buhun suke ɗauka, sai ma inuwar da suka rasa. Amma wannan ba laifin marigayiya ba ne. Ita awo aka sa ta, ba rabo ba. Manoma kuwa sun gode mata, don tun da ta zo, matar da ta kawo ƙwarya ɗaya takardarta take karɓa kamar mai lori, Alhaji kuma ya rantse a ƙofar masallaci cewa duk abin da Gwaggo ta tofo za a biya ba tambaya.

Da aka tashi zaɓar mata mai tsaro, Alhaji ya ce yana son mutumin da bai iya karatu ba, don wanda bai san abin da takarda ta ce ba ba zai yi sha'awar gyara mata magana ba. Wasu sun ɗauka zagi ne. Baba Audi ya ɗauka naɗi ne, kuma naɗin ne, don daga ranar masu wando suka riƙa gaishe shi kafin ya gaishe su. Shi ke jan hannunta, shi ke share mata fuska da gashin kaza. Ya hana awaki kusantarta, ya hana matan aure da ke zagayowa ta baya su ga ko sun ƙaru. Ko ɗigon ruwan sama bai taɓa samun ta ba.

Ciwon ajali ya faro ne daga alheri. Kakar bana riɗi ya yi albarka, ribar da Gwaggo ta nuna ta sa Alhaji ya ce zai yi karama, yankan godiya irin wanda ake yi a nan in mutum ya sayi mota ko ya tashi daga ciwo, a zubar da jini a gaban abin, a dangwala hannu a shafa masa saboda ido. Wannan ba laifi ba ne, Baba Audi ya ci naman karama a gidaje da yawa. Amma Alhaji ba rago ya saya ba, bijimi ya sayo daga Rufa'a, kuma ya ga ba amfanin yanka bijimi in jama'a ba su san nauyinsa ba. Aka ja shi aka hau da shi kan marigayiya. Farantin ya yi nishi, allura ta zagaya har inda ba ta taɓa zuwa ba, Baba Audi ya ja hannu, ta ce “ƙirrr,” ta daɗe, sannan ta ce “ƙyas.” Aka karanta wa taro takardar da Larabci da Hausa, mata suka yi guɗa. Nan ne Alhaji ya ce tunda ita ta kawo arzikin, a kanta za a yanka, albarkar ta shige ta kai tsaye.

Baba Audi ya shiga tsakanin mahauci da bijimi, shaidu suna nan da ransu, ya ce, “Ya Haj, wagga baiwar Allah ba ta cin nama. Ku ja shi bakin ƙofa, in kawo jinin a yatsa in ɗiga mata a wuya.”

Alhaji ya yi dariya har haƙorin ya sha rana, ya ce, “Baba, kai jan hannu aka ɗauke ka, ba ba da fatawa ba. Halas, magana ta ƙare, matsa.”

Baba Audi ya matsa. Sa'idu Afandi yana cikin masu jiran nama a ranar, ya ce ya ji da kunnensa.

Aka kayar da bijimi a kan farantin aka yanka. Jini ya bi ta kowace kafa ya gangara cikin cikinta, inda ƙananan ƙarafan nan suke waɗanda ko ƙura ba a taɓa bari ta sauka a kansu ba. Alhaji ya tsoma hannu ya manna mata a fuska, ya ga bakin takarda a buɗe, ya ce nan ma a ɗan sa mata. A nan aka feɗe, a nan aka fasa tumbi. Da aka gama, mutanen mahauci suka ɗebo ruwan kogi bokiti bokiti suka sheƙa mata, wai kyautatawa suke yi. Aka ci nama aka yi addu'a aka watse. Baba Audi ya ci nasa kason, don naman bai yi laifi ba, amma ya ci yana kallonta.

Da fari ba ta nuna komai ba, irin na masu haƙuri. Sai wari ya fara, ƙudaje suka yi mata rawani. Sai allura ta soma karkarwa. Sai murya ta dushe, “ƙirrr” ya koma “garrr,” “ƙyas” ya koma wani abu kamar tari. Baba Audi ya ce a kira muhandis daga Madani, mai gyaran irin waɗannan na'urori, Alhaji ya ce kuɗin motar muhandis kaɗai ya isa a yi wani abin, a bari sai bayan kaka. Ranar Litinin kuwa, Alhaji yana Sinnar, hankalinta ya gushe. Aka ɗora buhu, ta tofo nauyin bijimi. Aka ɗora rabin buhu, nauyin bijimi. Barakatu mai gyaɗa ta kawo ɗan kwandon riɗi da ta ɗauko da hannu ɗaya, Gwaggo ta ce “garrr, kuh,” ta ba ta bijimi sukutum. Baba Audi bai san abin da takardun ke cewa ba, don haka ma aka ɗauke shi. Ya dai ga mutane suna sumbatar takarda suna rugawa wurin biya, inda ƙanen Alhaji ke zaune, wanda aka hana tambaya tun ranar rantsuwa. Ya ji a jikinsa akwai magana, amma an riga an gaya masa a gaban jama'a jan hannu aka ɗauke shi, ba ba da fatawa ba. Ya ja. Kafin azahar labari ya ƙetare kogi. Mutanen da ba su taɓa shuka riɗi ba suka zo da riɗi a hula. Da Alhaji ya iso ya ga layi har bakin ruwa sai ya fara murmushi, ya karɓi takarda ɗaya ya duba, ya karɓi ta biyu, sai ya nemi abin zama.

Washegari ya ce a sake gwada ta ko ta huce. Aka ɗora buhu ɗaya. Allura ta ɗaga kaɗan kamar za ta gaida wani, ta koma ta kwanta. Baba Audi ya ja hannu a hankali. Ta ce “garr,” ba ta ƙarasa ba. Ya rufe mata fuska da zanenta.

Alhaji ya ɗora hannu a ka a tsakiyar ma'asara, ya ce da muryar da masu wanki a bakin kogi suka ji, “Wallahi mutuwa aka yi mini a gida. Da ƙanena ne ya tafi da ya fi mini sauƙi.” Ƙanen yana tsaye a wurin.

Sai a lokacin aka kira muhandis. Ya zo ya kwance cikinta a gaban jama'a, ya leƙa, ya ja da baya ya toshe hanci, ya tambaya da Larabci ko nan ma'asara ce ko mahauta. Ya fito da busasshen jini kamar ƙanzo, da tsatsa, da gashin bijimi, da wani abu da mahauci ya gane ya ce daga tumbi ne. Ya ce ba za ta tashi ba, sai dai a sayo wata. Baba Audi ya ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ina. Alhaji ya ce ai aikin mai tsaro ne ya hana. Aka tuna masa an hana shi. Ya ce ba a hana shi da ƙarfi ba. Wai mutumin da ya gagari kada, ya rasa yadda zai riƙe hannun mahauci? Kuma ranar Litinin fa, wa ya yi ta jan hannu? Daga nan ya yanke cewa da ranta aka ɗaura alkawarin hajji, tunda ta mutu ya mutu.

Baba Audi yana so jama'a su lura cewa bai yi zagi ba. Wanda ya haƙa wa abokansa kabari da ƙwarya a Wadai ba ya zagi kan kujerar jirgi. Ya dai ce, “Ya Haj, ita ta cika maka nata tun tana da rai. Naka ya rage.” Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Marigayiya ta rasu ta bar Alhaji Abdussalami, wanda ya koma kamar da, sai ƙarshen kaka zai san halin da yake ciki, kuma yana ramewa a kan haka. Ta bar lori uku, da ɗakin sama, da haƙori ɗaya. Ta bar injinan matsa, na kusa da ƙofa an ce har ya fara sassautawa don ya ji ba mai kai ƙara. Ta bar afandi biyu da aka kira suka dawo rumfa, sun zo gaisuwa da fuskar jimami da sababbin alƙaluma. Na ukun yana rubuta wannan, ya ce shi ma an aiko masa, yana shawara. Ta bar ɓeraye, an ga ɗaya jiya a kasuwa yana taya jaki. Ta bar shanun unguwa cikin kyakkyawan zato. Ta bar Barakatu mai gyaɗa, wadda ta yi sabon rufin ɗaki, kuma ita kaɗai ce a mata ta yi kukan gaske. Ta bar ƙanwa a ƙasar Turawa, wadda Alhaji ya aika a kawo. An ce da lantarki take aiki, ba ta da hannun ja, ba ta bukatar tsoho a gefenta. Allah Ya kawo ta lafiya, Ya tsare ta daga godiyar mai gidanta.

Ta bar Baba Audi da matarsa Dije. Dije ce ta sayi farin yadi na harami tun shekarar alkawari, take fito da shi duk shekara ta wanke ta shanya ta mayar akwati. Jiya ta fito da shi ta duba, ta ce wa mijinta yadin dai fari ne, in bai yi wannan aiki ba zai yi wancan, amma ita ta fi son ya ɗaura shi da hannunsa.

Game da jana'iza, an je wurin liman, ya ce ba a yi wa ƙarfe salla. Baba Audi bai nemi haka ba, ya san addininsa tun kafin a haifi limamin. Amma liman ya yarda cewa jaje halal ne ga duk wanda ya yi rashi, kuma wanda ya faɗa da bakinsa an yi masa mutuwa a gida, ba daidai ba ne Musulmi su bar shi shi kaɗai. Saboda haka za a ɗauki marigayiya ranar Alhamis da hantsi a kan keken jaki, a bi da ita ta kasuwa, a kai ta ƙofar gidan mai mutuwa, a ajiye ta ƙarƙashin tagarsa. Maƙerin Rufa'a da ya taya gawar ya yi haƙuri tukuna.

A nan za a shimfiɗa firash, tabarmin zaman makoki, kamar yadda ake yi wa kowane babban gida. Kowa ya san ƙa'ida: mai mutuwa ba ya korar mai gaisuwa, ba ya tambayarsa yaushe zai tafi, kuma ba ya barin kofinsa ya bushe. Maƙwabta da suka saba aiko da tiren abinci don taimako, an roƙe su a wannan karo kada su kunyata Alhaji. Mutum ne mai hali, zai ji ciwo in aka nuna kamar ba zai iya shi kaɗai ba.

Ana gayyatar mutanen Mai Wurno kaf, da na Sinnar, da na Rufa'a, da 'yan tsintar audugar Managil waɗanda aiki ya ƙare musu kuma an san cikinsu. Masu ɗaukar buhu su zo da iyalansu. Mata su shiga ciki wurin Dije da Barakatu. Wanda ke da baƙo ya zo da shi. Duk wanda ya iso ya ɗaga hannu a gaban Alhaji ya yi masa jaje yadda ya kamata, ya tambaye shi ciwon me ya kashe ta, ya saurari amsa da ladabi, sannan ya zauna a kawo masa shayi. Mai son sukari da yawa kada ya rage don kunya.

Bisa al'ada bayan kwana uku ake naɗe firash, amma ba a naɗe shi na kusa da mamaci yana zaune a kai, kuma ba wanda ya fi Baba Audi kusa da marigayiya. Alhaji da kansa ya shaida haka a majalisu da yawa, da ya ce a hannunsa ta mutu. Baba Audi ya duba zuciyarsa ya ga baƙin cikin nan ba na kwana uku ba ne. Yana jin ba abin da zai sassauta shi sai iskar teku. Zama kuwa ba ya gajiyar da shi, ya zauna a wuraren da ba shayi.

Wanda hanya ta yi wa nisa kada ya yi gaggawa, zai tarar da mu. Wanda kuwa ya iso ya ga an naɗe tabarmi an share ƙofar gida, kada ya tsaya tambaya. Ya juya ya fuskanci gabas, ya yi wa Baba Audi addu'ar sauka lafiya a Jidda.